Malam Tukuna da Nonon Auta

Ni ba mai yabon mutane ba ce. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da lissafi, kuma duk wanda ya zauna a ajina ya san "ba laifi" ita ce babbar kyautata. Amma akwai wani dattijo mai gyaran firij a layinmu da nake so a san da zamansa. Sau uku ina gwada yi masa godiya baki da baki, kowane karo sai ya kawar da zancen, ya hau tambayata ko robar ƙofar firij tana kamawa. Shi ya sa na ce bari in rubuta, a nan dai ba zai katse ni ba.

Shagonsa yana ƙarƙashin matattakalar wani bene a bakin layi, tsakanin mai aski da mai sayar da magani. In ya miƙe tsaye a ciki sai ya sunkuyar da kai. Kullum akwai firij uku ko huɗu a jere a ƙofar, an kwance musu baya, wayoyi duk a waje. Malam Tukuna ake ce masa, kuma bakinsa ne ya jawo masa. Ka ce firij ɗinka ya mutu, ya ce tukuna. Ka ce gas ne ya ƙare, ya ce tukuna. Matarsa ta taɓa gaya mini ko ciwon kai ta ce tana yi, kafin ya ce mata sannu sai ya tambaye ta tun ƙarfe nawa, kuma ta wane gefe.

Ba ya riƙe fuskar mutum, firij ɗinsa yake riƙewa. Shekara goma sha tara muna gaisawa da shi, amma in na tsaya a gabansa sai ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "Au, Malama, mai farin nan da hannunsa ya karye." Da farko abin yana ba ni haushi. Daga baya na lura har mai gidan da yake haya a ciki da haka yake gane shi, sai na haƙura.

Labarinsa tsinto shi na yi kaɗan-kaɗan, don ba ya zama ya ba ka. Yana ɗan shekara sha bakwai ya fara dako a wani babban ɗakin sanyi inda ake ajiye nama da kifi. Wata rana safar hannunsa ta yage, ya ƙi faɗa don kada a ce ya cika ƙorafi, ya yini yana ɗaukar kwalaye masu ƙanƙara. Yatsu uku na hannunsa na dama ba a yanke su ba, amma tun daga ranar ba sa jin zafi, ba sa jin sanyi. Da dako ya gagare shi sai aka haɗa shi da wani tsohon injiniya, yana riƙe masa fitila yana rubuta lambar sanyin kowane ɗaki. A nan ya koyi aikin, shekara ashirin da biyu. A nan kuma ya ga ɗaki guda na nama ya lalace alhali allon da ke ƙofar yana nuna lambar da ta dace har kwana biyu. Tun daga lokacin ba ya yarda da lamba sai ya sa wani ma'aunin ya shaide ta. Nasa ma'aunin sanyin a cikin gidan buroshin haƙori yake ajiye shi, a aljihun wata rigar sanyi mai ruwan toka da ba ya cirewa ko ana zafin da ke narkar da kwalta.

Yanzu bari in zo kan namu.

Auta ƙanwata ce, ita ce ta ƙarshe a ɗakinmu, kuma kusan ni na raine ta. Ta haifi 'yarta ta fari bayan shekara shida da aure. Yarinyar tana da wata biyu da rabi aka ga wani ƙari a wuyan Auta, aka yi ta gwaje-gwaje, aka ce ciwon daji ne. Likita ya gaya mata ranar da aka fara ƙara mata ruwan maganin, shayarwa ta ƙare, don maganin yana bin nono. Sati biyar aka yi ana jiran ranar. A cikin sati biyar ɗin nan Auta ba ta zauna tana kuka ba. Ta samo injin tatsa da wasu 'yan ledoji na musamman, tana shayar da yarinya, tana tatsar abin da ya ragu, tana rubuta kwanan wata a jikin kowace leda, tana jerawa a firiza. Na ce mata ta huta, ta ce, "Yaya, hutu na nan zuwa, ba sai na neme shi ba."

Abin da ya sa ledojin suka fi ƙarfin kwalliya shi ne cikin yarinyar. Shugaba muke ce mata, don in ta yi tari kowa a gidan sai ya miƙe. Madarar gwangwani ta yau da kullum tana sa ta amai da ƙuraje. Likitan yara ya rubuta mata wata ta daban, ita kuma Shugaba ta ce ba ta san zancen ba, ba ta sha sai an gauraya da nonon uwarta. Aka tsara mana leda biyu kowace rana, har cikinta ya saba. Ranar da nake ba da labarinta, kwana goma da fara maganin Auta, saura sati bakwai a tsarin likita. Leda casa'in da takwas muke bukata, muna da ɗari da sha takwas. Ko ɗigo ɗaya ba za a ƙara samu ba. Ni na tattaro kayana na dawo gidansu, hawa na biyu a wani bene da ke tsakiyar layin, kuma ni ke riƙe da kicin.

Ranar Asabar da safe na buɗe firiza in ɗauko ledar ranar. Hannuna ya nutse a cikinta. Na ɗauki ta kusa da ita, ita ma ruwa tsundum. Na ɗaga kai na dubi ɗan allon da ke saman ƙofar, yana nuna sha takwas ƙasa da sifili, daidai yadda yake nunawa kullum, ko kunya babu.

Na kira mijin Auta a hankali, don ita tana barci a ɗakin ciki, maganin ranar Alhamis bai sake ta ba. Direban motar kamfani ne, mutumin kirki, amma in ya rikice bakinsa ne ke fara gudu. Ya ce gas ne. Ya ce dama tun bara ya so ya canza firij ɗin. Ya ce bari ya je ya sayo sabo yanzu-yanzu. Na ce masa kafin sabon ya iso ya yi sanyi mun gama asara, ya je ya taho da Malam Tukuna. Yana fita na jawo kula babba, na hau kwasar ledoji ina zubawa a ciki. Niyyata in ruga da su gidan maƙwabta, a cusa su duka a firiza su sake daskarewa.

Na kwashe kamar ashirin suka shigo. Malam ya yi sallama, ya tsaya a ƙofar kicin da akwatinsa a hannu, ya dubi kular, ya dube ni.

"Tukuna, Malama. Rufe ƙofar firizar."

"Malam, narkewa suke yi."

"Na gani. Rufe dai."

Na rufe da ƙarfin da ya fi na rufewa. Na ce masa wannan ba kifi ba ne, nonon mara lafiya ne, kuma in yana da tukuna ya ajiye ta a shago. Bai ji haushi ba, ko ya ji bai nuna ba.

"In kika kai su duka suka daskare yanzu," ya ce, "nan da awa uku kowace leda dutse ce. Wadda ta narke tun jiya da wadda ba ta narke ba, duk kamarsu ɗaya. Ta yaya za ki gane wadda za ki ba yarinya?"

Na ajiye ledar da ke hannuna. Ni da nake faɗa wa yara kada su goge aikinsu kafin a duba, ga ni zan goge shaidar da hannuna.

Ya ce shi ba likita ba ne, sanyi kawai ya sani, a kira wadda ta ba mu ledojin. Mijin Auta ya kira ma'aikaciyar jinyar ya sa wayar a fili. Ta ce duk ledar da ke da sauran ƙanƙara a ciki ana iya mayar da ita firiza. Wadda ta narke gaba ɗaya, in har tana da sanyi, a sa ta a firij a shanye cikin kwana ɗaya, kada a sake daskarar da ita. Sannan ta ƙara wata maganar da ta tsaya mini a ƙirji: wannan duk in narkewar farko ce. In sun taɓa narkewa suka sake kamawa ba mu sani ba, to ba ta ba mu shawarar a ba jaririya ko ɗaya.

Malam ya aiki mijin Auta ƙasa gidan tela ya roƙo ƙanƙara, kuma ya ce a share mana aljihu ɗaya a firizarsu. Mijin Auta ya ce ai maƙwabcinmu na ƙofa da ƙofa ya fi kusa. Malam ya girgiza kai.

"Nasa ƙofarsa ba ta kamawa, sau biyu ina gaya masa. Na matar tela ni na canza masa roba watan jiya. Yana kaiwa ashirin ƙasa da sifili."

Aka kawo ƙanƙara muka zuba a roba biyu. Ya ce kada in matsa ledojin, ɗumin hannu yana cinye ɗan abin da ya rage, kuma leda mai sanyi tana yaudarar yatsa. Shi nasa yatsun dama ba su da shaida. Sai ya sa ni in riƙa kama kowace leda ta kusurwa, in kai ta kusa da kunnensa, in karkata ta a hankali. Waɗanda suke dutse ba a bukatar tambaya. Masu laushin ne yake saurara. In akwai ƙanƙara a ciki tana wani ɗan ƙaras-ƙaras, sai ya nuna robar dama. In shiru, ya nuna ta hagu. Aljihu ɗaya muke jawowa, mu rufe ƙofa, mu gama da shi, sannan mu jawo wani. Haka muka tsaya, ni tsohuwar malama da dattijo mai rigar sanyi, ina kaɗa masa leda a kunne, mijin Auta yana tsaye yana cizon yatsa. Duk ledar da ta tafi hagu ina ganin rubutun Auta a jikinta.

Ashirin da bakwai suka tafi hagu, duk na bakin ƙofa. Casa'in da ɗaya suka tafi dama. Ban nemi takarda ba, kaina ya riga ya cire: bakwai suka gaza, kwana uku da rabi. Wannan ana iya lallaɓawa. Malam ya ce a kai casa'in da ɗayan gidan tela, amma kada a ba yarinya ko ɗaya daga ciki sai ya gama magana da firij ɗin.

Sai a lokacin ya juya ga aikinsa, kuma wallahi a ranar na ga kamar da gangan yake jan jiki. Ya sa ma'auninsa a cikin firizar ya rufe. Ya tsuguna a bayan firij ɗin ya kara kunne. Ya taɓa bututun baya da wuyan hannunsa na hagu. Ya yagi 'yar takarda ya maƙale ta a bakin ƙofa, ya ja, ya matsa gaba ya sake ja, har ya zagaye ƙofar. Da ya ciro ma'aunin ya nuna mana: ɗaya ƙasa da sifili. Allon sama kuwa yana nan a kan sha takwas ɗinsa.

"Ban ce gas ba ne?" in ji mijin Auta.

"Gas ɗinka lafiya lau. Injin ma lafiya lau. Yana tashi, yana sanyaya, sai a ce masa ya isa, ya kwanta. Ba ƙin aiki yake yi ba, ƙarya ake yi masa."

"Wa ke yi masa?"

Ya ce a cikin kowace firiza irin wannan akwai wani ɗan abu mai jin sanyi, sensa suke ce masa. Shi ke gaya wa firij ɗin yadda ciki yake, firij ɗin kuma ya tayar da inji ko ya kashe shi, ya rubuta lambar a allo. Shi allon bai taɓa leƙa ciki ba, abin da aka gaya masa yake maimaitawa. Ya zare wuta daga soket, ya fitar da aljihunan, ya kwance wani ɗan murfin roba a bangon ciki ta gefen dama. Ga abin nan fari, bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, da siririyar waya a gindinsa.

"Malama, a taimaka mini da ruwa a babban kofi. A cika shi da ƙanƙara."

Na dube shi. Na ce a raina, ka ji mutum, mu muna cikin wannan hali shi ƙishirwa yake ji, kuma har da zaɓin ƙanƙara. Na ɗauko kofin baƙi, na ɗora a faranti, na ajiye a gabansa na ce, "Ko a haɗo da biskit?" Ya ce a'a, ya gode. Ya gauraya ruwan da cokali, ya ɗauki sensar ya tsoma ta a ciki, ya maƙala wayoyinta a jikin mitarsa ta gwada kayan wuta. Na ɗauke farantin na koma gefe.

Ya ce ruwan da ƙanƙara ta cika shi sifili ne, a kowane gida, a kowane lokaci, ba ya bukatar shaida. To in ka tsoma sensa a ciki ka san amsar da ya kamata ta bayar tun kafin ka tambaye ta. A cikin murfin akwatinsa akwai takardar da ya liƙa, ta yi baƙi don tsufa, da jerin lambobi da rubutun hannunsa. Ya jira minti biyar cur, yana kallon agogon bango. Sannan ya sa yatsa a kan wata lamba a takardar, ya nuna mana ta mitar. Ta mitar ta ninka ta fiye da sau biyu.

"Tana cikin sifili, tana rantsuwa tana cikin sha bakwai ƙasa da sifili," ya ce. "Ga maƙaryaciyar."

Mijin Auta ya sauke ajiyar zuciya, ya ce to alhamdu lillahi, a canza ta. Malam ya ce canzawa ba wuya, amma ba ita ce tambayar ba. Ya ciro sensar ya goge ta da gefen rigarsa, ya juya ta a hasken taga.

"Sensa iri biyu take lalacewa. In tsufa ne, ba ta da rana. Yau ta yi ƙarya, gobe ta faɗi gaskiya, jibi ta koma. In haka ne, nonon nan zai iya yiwuwa ya narke ya kama sau biyu ko uku a satin nan ba wanda ya sani, kuma kun ji abin da malamar asibiti ta ce. In kuma rauni aka ji mata, to daga sa'ar da aka ji mata ta fara, kafin nan kalau take. In na san sa'ar, na san ko ƙanƙarar da muka ji a ledojin nan ta asali ce."

Yana maganar yana kallon mijin Auta, amma hannunsa ya karkato da sensar ta gefena, inda ni kaɗai zan gani. A gefen kanta akwai wata 'yar tsaga, sabuwa, mai tsabta, irin wadda tsinin wuƙa ke bari. Bai ce komai a kanta ba. Ya ajiye ta a kan tebur, tsagar tana kallon ƙasa, ya hau laluben akwatinsa.

Kwana ɗaya kafin nan, ranar Juma'a da safe, wajen ƙarfe tara, aljihun sama ya ƙi rufuwa sosai saboda ƙanƙarar da ta taru a bangon. Ni kuma ba na iya ganin abu a karkace in wuce. Na ɗauko ƙaramar wuƙar yanka albasa na kankare ta tas, har cikin 'yan ramukan murfin nan na zura tsinin. Na ji wani ɗan ƙas, na ɗauka ƙanƙara ce. Na goge wurin, na rufe, har ina jin daɗin kaina.

Na tsaya a kicin ɗin ina kallon sensar a kan tebur. Da zan yi shiru, ba wanda zai tuhume ni, Malam ya riga ya kifar da tsagar. Firij ya tsufa, shi ke nan. Amma in na yi shiru, leda casa'in da ɗaya sun zama abin shakka, kuma abin shakka ba a ba jaririya. Shekara hamsin da shida a duniya, ban taɓa jin bakina ya yi nauyi irin na ranar ba.

"Jiya ne," na ce. "Ƙarfe tara na safe. Ni ce, da wuƙa."

Mijin Auta ya juyo. Tunda ya auri ƙanwata ni ke yi masa faɗa, a kan takalmi a falo, a kan gudu da mota, a kan komai. Na jira ya rama, kuma da ya rama da ban ce uffan ba. Ya daɗe yana kallona, idonsa ya kaɗa, sannan ya ce, "Yaya, ai gyara kika je yi." Ya fita baranda ya tsaya.

Malam bai ɗago ba. Ya tambaye ni kafin jiya ledojin da nake ɗauka yaya suke. Na ce dutse, sai na jiƙa su a ruwan ɗumi. Ya tambaye ni ko na taɓa ganin ruwa a ƙasan aljihu, ko ledoji sun manne da juna. Na ce ban taɓa ba. Ya ƙirga a yatsunsa.

"Awa ashirin da uku. Firiza a cike, a rufe, injin yana ɗan taɓawa. Daidai ne na bakin ƙofa su narke, na ciki su riƙe. Lissafin ya fita, Malama. Narkewar farko ce. Casa'in da ɗayan nan ki ba yarinya hankali kwance."

Na zauna a kan kujerar kicin. Na ce masa ya ga tsagar tun ɗazu, me ya sa bai faɗa ba. Ya ce shi tsaga ya gani, bai ga ranar ba, kuma ranar tana bakin mai ita. Sai ya ƙara da cewa, ba tare da ya dube ni ba, nan gaba in ƙanƙara ta taru a kashe wuta a sa kwanon ruwan ɗumi, wuƙa ta albasa ce.

Ya fito da wani tsohon gwangwanin biskit cike da sensoci da ya ciro daga firij ɗin da suka mutu, kowace da zare mai launi a wuyanta. Ya zaɓi uku, ya tsoma su a kofina ɗaya bayan ɗaya, kowace minti biyar. Ta farko ya mayar. Ta biyu ta ba da lambar takardar daidai, amma duk da haka sai da ya gwada ta uku. Ya haɗa wayar, ya rufe mahaɗin da wata roba mai tsukewa in ta ji wuta don kada ruwa ya shiga, ya mayar da murfin, ya sa soket. Allon ya yi ƙyaf-ƙyaf ya nuna huɗu sama da sifili. Ban taɓa murnar ganin mummunar lamba ba sai ranar. Injin ya tashi, kuma wannan karon bai kwanta ba.

Na ɗauka zai tafi. Sai ya jawo kujera ya zauna a gaban firij ɗin, ya sa ma'auninsa a ciki. Ya ce ba ya barin aiki sai ya ga allon da ma'aunin sun faɗi magana ɗaya, kuma injin ya tsaya da kansa ya sake tashi da kansa, ko da zai kai la'asar. Ya ce ledojin su kwana gidan tela, gobe zai leƙo kafin a dawo da su. Na ce masa shagonsa fa, ya ce mai aski yana gani. A lokacin na fara yi masa godiyar farko. Ya katse ni.

"Na ji motsi a ɗakin ciki, ƙanwarki ta tashi. Ki je ta ji a bakinki. Kuma ashirin da bakwai ɗin nan lokacinsu tafiya yake yi."

Na same ta zaune a bakin gado, ta ɗaura ɗankwali, ta rame har zoben hannunta yana juyawa. Shugaba tana cikin gadonta tana wasa da ƙafa. Na durƙusa a gaban Auta, abin da ban taɓa yi ba, na gaya mata komai a jere, har da wuƙar. Ban nemi uzuri ba. Na ce casa'in da ɗaya sun tsira, ashirin da bakwai sun narke, sai an shanye su yau, kuma yarinya ba za ta iya wuce shida ba.

Ta dubi gadon Shugaba. Sannan ta tambaye ni na wane kwanan wata ne. Na ce na satin farko, su na jera a gaba don a fara da su.

"Satin da aka gaya mini," ta ce. "Ina tatsa ina kuka, ke kina tsammani barci nake yi."

Ban san wannan ba. Na sa kaina a gwiwarta na yi kukan da na riƙe tun safe. Ta bar ni na yi, hannunta a bayana ba nauyi. Can ta ce in tashi, ƙafarta ta gaji, in je in cika fida, kada in gauraya da komai.

Tunda aka fara maganin ba ta taɓa ba yarinyar fida da hannunta ba. In lokacin ya yi sai ta juya ga bango, ni ko mijinta mu bayar. Ranar ta ce a miƙo mata ita. Na sa mata filo a ƙarƙashin hannu. Shugaba ta kama, ta ja sau biyu, ta tsaya, ta buɗe ido ta dubi uwarta, sannan ta ci gaba da sha har da gurnani. Ta shanye tas, ta nemi ƙari, aka ƙara mata.

Da yarinyar ta ƙoshi Auta ta ce a ware mata biyar na sauran yinin, ragowar kuma ba za a zubar mata da su a kwata ba. Ta ce in kawo bahon wankan Shugaba nan ɗaki, da ruwan ɗumi. Na kawo. Ta sauko ƙasa da ƙyar, ta zauna a kan tabarma, ta naɗe hannun rigarta, ta tuɓe yarinyar da kanta. Na yanke bakin leda ɗaya na zuba, ruwan ya yi fari-fari. Na zuba ta biyu, ta uku, sai hannuna ya tsaya, na kasa yanke ta huɗu.

Auta ta saka Shugaba a cikin ruwan, ta tallafe mata kai, ta ɗebo da tafin hannu ta zuba mata a ciki. Ba ta ɗago ba.

"Zuba duka, Yaya," ta ce. "Nata ne."